Wanda Ya Zauna Gefen Direba

Kafintan ya dafa katakon akwatin shaida na kotu da hannu biyu. Kan wani ƙusa ya ɗan leƙo ta gefe, sai ya ɗora babban yatsansa a kai ya danne.

Ɗansa na fari, Dogo, yana zaune a wurin wanda ake tuhuma. Shi ya tuƙa motar shagonsu ranar da suka kai wa wani gado da kujeru, a hanyar dawowa ya kaɗe wata mata mai sharar titi. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Kafintan ne a kujerar gefen direba.

Da safe, kafin ya taho kotu, matarsa ta riƙe masa riga a bakin ƙofa. "Baban Dogo, kowa ya san idonka ya yi rauni. In ka ce ba ka gani ba, wa zai ƙaryata ka?" Ya zare rigarsa a hankali ya fita.

Lauyan gwamnati ya tambaye shi, ya faɗi abin da ya gani: wayar Dogo ta yi ƙara, ya sunkuyar da kai yana dubawa, motar ta ci gefen titi. Sai lauyan Dogo ya miƙe.

"Baba, ranar kana sanye da tabaraunka?"

"Ina sanye da shi."

"Ka tuna dai da kyau. Rana ta take, kun sha ɗaukar kaya, ga shekaru. Ba ka ɗan yi gyangyaɗi ba?"

Kafintan ya gane mafita ake ba shi. Kalma ɗaya ta isa. Ya ɗaga kai, can baya ya hango 'yar marigayiyar rungume da jariri, ko ƙifta ido ba ta yi.

"Ban yi ba, ranka ya daɗe. Idona biyu."

Muryar lauyan ta sauya. "Ba gaskiya ba ne kun yi faɗa da ɗanka a kan shago? Haushinsa kake ji, shi ya sa ka zo ka ɗaure shi!"

Kafintan ya nemi ruwa, aka miƙo masa, ya kurɓa ya ajiye kofin.

"Mun yi faɗa. Kullum ma muna yi, shi yana son aikin inji, ni na saba da hannu. Amma ni na koya masa tuƙin nan. Da zan iya zama inda yake zaune, da tuni na zauna."

Lauyan ya juya takardunsa, ya ce ba shi da sauran tambaya.

Ranar yanke hukunci alƙali ya tura Dogo gidan yari. Da za a wuce da shi, ya ɗan ja ya tsaya kusa da mahaifinsa. Bai dube shi ba.

"Baba, kabad ɗin malamar nan ban sa masa ƙofa ba. Fatar ƙofar na cikin aljihun teburina."

"To," in ji kafintan.

Bai iya komawa gida ba, don ya san kukan da zai tarar. Shago ya nufa. Ya buɗe, ya jawo aljihun teburin, ya ɗauko fatar ƙofar, ƙarfen nan da ƙofa ke juyawa a kai, ya nufi kabad ɗin. Sai dai ya kasa saita sukurun a raminsa. Ya zauna kan benci cikin garin katako, ya cire tabarau, ya yi kuka har maƙwabcinsa mai walda ya kashe injinsa ya leƙo.