Koriyar Rigar Gwaggo

Ranar Talata ce, ruwa ya tsuge tun da safe bai ɗauke ba, kasuwar gwanjo ta zama taɓo. Dogo, mai sayar da gwanjo, bai buɗe dilar kayansa ba. Shi kuwa in ya rasa abin yi, to wani ya shiga uku.

Wannan karon kan Gwaggo abin ya faɗa, yayar mahaifinsa. Shekara tara ke nan Gwaggo tana da shekara arba'in da bakwai. Likita ya tambaya, arba'in da bakwai. Ko Kawu, ƙaninta da ta goya, in akwai baƙi "Yaya" take ce masa, shi kuma ya amsa yana cizon leɓe. Duk gidan babu mai takardar haihuwa, babu mai ƙarfin halin yin musu.

Amma Gwaggo tana da wata koriyar riga a ƙasan akwati, wadda take ji da ita fiye da 'ya'yanta. Dogo ya tafi layin baya ya ɗauko Mai Tabarau, matar da ke tara tsofaffin kaya tana ba 'yan fim haya. A hanya ya raɗa mata abin da yake so. Ta yi dariya har lemarta ta karkace.

"Gwaggo, ga mai son ganin rigar nan," in ji Dogo.

"Sannu, Mama," in ji Mai Tabarau.

"Anti," Gwaggo ta gyara mata.

Aka shimfiɗa rigar a kan gado, warin kafur ya cika ɗaki. Kawu ya jawo kujera bakin ƙofa, wai iska yake sha. Mai Tabarau ta juya rigar ciki waje. Ta shafa zif ɗin ƙarfe da ke gefe, ta ƙwanƙwasa maɓalli da farce, ta bi kalmasa da yatsa, ɗinkin hannu ne ƙanana-ƙanana. A wuya akwai tambarin tela, lambar wayarsa irin ta da, mai lamba huɗu kacal. Dogo ya ga idonta ya yi ƙyalli, amma sai ta taɓe baki.

"Anti, ke aka ɗinka wa?"

"Ni aka gwada, ina da sha takwas."

"To ai shi ke nan. Sha takwas daga arba'in da bakwai, rigar ba ta kai talatin ba. Kwaikwayo ce. Telolin lokacin sun iya tsinto tsohon zif su liƙa wa sabon yadi."

Gwaggo ta miƙe zaune. "Kwaikwayo? Rigata?"

"Kada ki damu, irinta cike suke a dilar Dogo."

"Uku na sayar jiya," in ji Dogo, ya sunkuyar da kai kamar mai jaje.

"Rufe min baki, mai wuyan zalɓe! Ke kuma tabarau ɗin naki na ado ne? Ja zare ki ƙona ki gani!"

Mai Tabarau ta ja zare ɗaya ta ƙyasta ashana. Ya zama toka, bai dunƙule kamar roba ba.

"Auduga ce, na yarda. Amma shekarun…"

"Shekarun me? Telan nan ya rufe shago kafin uwarki ta yaye ki! Shekara arba'in da shida cif da na tsaya gabansa da ƙafata, wannan mai sanƙon yana riƙe min jaka, majina har baki!"

Ruwa na ta dukan kwanon rufi. Kawu ya ɗaga yatsu yana lissafi a hankali.

"Sittin da huɗu," ya ce. "Sannu, Yaya."

Gwaggo ta dubi Kawu, ta dubi Mai Tabarau da ke toshe baki da mayafi, sannan ta dubi Dogo. Hannunta ya laluba ƙarƙashin gado. Dogo bai tsaya neman takalminsa ba, ya faɗa cikin ruwa, tsintsiya ta bi shi har ƙofar gida.

Ga abin da aka rasa ranar: zare ɗaya daga koriyar riga, takalmin Dogo ƙafa biyu da Gwaggo ta cilla kan rufi, abincinsa na rana na wata guda, da "Yaya" ɗaya da Kawu ya sauke. Gwaggo kuwa, shekara goma sha bakwai da ta ɓoye suka dawo gida gaba ɗaya.