Baƙo a Bencin Gaba

In Fasto yana horar da masu koyar da manya Littafi Mai Tsarki, yakan dasa mutum cikin aji ya jefo tambaya mai wuya. Shi ya sa ranar gwajin Maman Biyu, da wani baƙon tsoho ya tambaye ta me ya sa Allah yake yi wa mai addu'a shiru, ta ce a ranta, "Na gano ku." Har rawar muryarsa ta ɗauka shiri ne. Ta yi ta zubo masa ayoyi ba numfashi, idonta na kan Fasto a bencin baya. Tsohon ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da aka tashi, Fasto ya matso. "Maman Biyu, wane ne tsohon nan?"