Ɗaliban Hedimasta

Tun da Hedimasta ya yi ritaya ya rasa wanda zai gyara wa rubutu, sai ya koma kan mutanen gida. Don su sarara, 'yarsa ta buɗe masa shafi a intanet. Kullum bayan karin kumallo sai ya zauna a falo, ya sa tabarau, ya rubuta darasin nahawu. Ba a yi wata ba sharhi ya fara zubowa.

Hausar masu sharhin kuwa abin tausayi ce. "Babban labarin! Ni son shi. Danna nan don maganin sanƙo." Hedimasta bai taɓa danna komai ba, amma duk wanda ya rubuto sai ya amsa masa. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya gyara: "Ba a cewa ni son shi, ina son shi ake cewa. Sake rubutawa." Ɗalibaina yake kiransu, har yakan gaya wa matarsa mai maganin sanƙon nan ya fara kama hanya. Rabonsa da farin ciki irin wannan tun yana aiki.

Da shafin ya fara nauyin buɗewa, aka kira mijin 'yarsa, mai gyaran waya. Shi ne wanda Hedimasta ya taɓa ɗaga littafinsa a gaban makaranta yana karanta kurakuransa ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau daƙiƙi yake ce masa a bayan ido. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya karɓi kwamfuta ya duba. Ya jira sai da mata da jikoki suka cika falon.

"Baba, waɗannan da kuke koyarwa ai ba mutane ba ne. Inji ne ke watsa talla. Ko shafin akuya ya samu zai yaba."

Sai ya shiga karanta amsoshin Hedimasta da ƙarfi, yana kwaikwayon muryarsa, har da "ya iyali". Jikoki suka kwashe da dariya. Matar Hedimasta ma ta rufe baki da mayafi.

"Nawa ne na mutane a ciki?" in ji Hedimasta.

"Cikin ɗari bakwai da sha biyu, babu ko ɗaya. Mai karanta shafin ma mutum ɗaya ne, kuma daga wannan kwamfutar yake shiga."

Ya danna sau biyu, ya share su kaf, ya ce ya sa abin tacewa, daga yau ba wanda zai ƙara shigowa.

Kunya ta rufe Hedimasta, amma ba ita ta fi cinsa ba. Gobe da safe zai buɗe shafin nan ya tarar ba kowa.

"Mayar min da su," ya ce a hankali.

"Sun tafi ke nan, Baba. Amma in kuna so in cire abin tacewar, gobe wasu za su zo. Su ba sa zaɓe."

Kowa ya zuba masa ido. Hedimasta ya sunkuyar da kai.

"Cire," ya ce.