Ƙyauren Baba Bubayero

Ramlatu tana kwashe tuwon rana usur ya tashi daga bakin get. Ta saki mara cikin tukunya. Masu cin abinci a bencinta suka miƙe da loma a hannu, mai shagon caji ya ja ƙofarsa da ƙarfi, mata suka shiga ƙwala wa 'ya'yansu kira kowa da yarensa. Wani mai keke da ya shigo a guje ya ce an yi faɗa a tashar Rumuokoro, an soki wani ɗan gari, kuma ana cewa Bahaushe ne ya soke shi. Shi bai gani da idonsa ba. A Fatakwal ba sai an gani da ido ake rufe shago ba.

Get ɗin na ƙungiyar layi ne. Tun shekarar da 'yan daba suka shigo da rana tsaka suka kwashe wayoyin mutane, masu gidaje 'yan Ikwerre da 'yan haya Inyamurai da Hausawa suka zauna suka kafa ƙungiya, suka sa aka ƙera get mai ƙyaure biyu a bakin layin, suka kuma yi doka: in usur ya tashi a rufe, ba mai buɗewa sai ciyaman ko mataimakinsa. Ciyaman shi ne Mista Worlu, mai gidan bene, mutum mai tumbi da son taro, wanda ko akuya ce ta ɓata sai ya kira mitin. Mataimakinsa Baba Bubayero, Bafulatanin Kumo, tsohon dillalin shanu a abbatuwar Trans-Amadi, wanda ɗakinsa ke jikin na Ramlatu. Iyalinsa suna gida Arewa, a tukunyarta yake ci. Kowa da ƙyaurensa, Worlu na dama, Baba na hagu, kuma kullum da magariba wajen rufe get sai sun yi musu a kan wanda ya makara. Na Baba ya sunkuya, yana jan ƙasa, sai an sa ƙafa an ɗaga shi kafin ya tafi. Worlu ya sha cewa za a kira mai walda. Baba ya ce a bar masa kayansa, shi ya san halinsa.

Ramlatu tana kallo Baba ya sa ƙafa ya ɗaga ƙyauren, ya tura shi rabi, sai ya tsaya. Ya dafe ƙirji. Ta san ya kwana biyu bai sha maganin hawan jininsa ba, don ita ce ke masa faɗa a kai. Ya juyo kamar zai ce wani abu, sai ƙafafunsa suka saki, goshinsa ya daki bakin ƙarfen, ya zube.

Worlu ne ya fara isa. Ya durƙusa ya ɗago kan Baba ya ɗora a ƙirjinsa, jini yana bin farar rigarsa. Ya waiwayo yana neman ta da ido.

"Mama Talha! Come tell am that una prayer, quick!"

Sunan da yake kiran ta da shi ke nan, kuma kullum sai ta sunkuyar da kai, don Talha ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kama sunansa da bakinta ba. Ranar ba ta ko ji kunyar ba. Ta ruga ta durƙusa cikin taɓo, ta tallafo kan Baba a cinyarta, tana maimaita masa kalmar shahada a kunne. Leɓunansa suka motsa tare da nata. Sai ya yi ajiyar zuciya ɗaya mai tsawo, hannunsa ya buɗe, usur da makullin get suka faɗo kan zaninta. Ta shafa masa ido ta rufe.

Babu wani namiji Bahaushe a layin a wannan lokaci. Mahauta suna abbatuwa, 'yan tireda suna kasuwa, liman Malam Saifullahi ya tafi Kasuwar Creek Road tun safe. Ramlatu ta shiga ɗaki ta kira shi a waya. Ya yi salati, ya ce hanya ta cushe da masu gudu amma ga shi nan tafe, a rufe mamacin, kada a taɓa komai. Ta ɗauko sabon zani ta fito. Ba Baba a wurin, sai jini a ƙasa da takalminsa ɗaya. An ƙarasa tura get an sa kwaɗo.

A falon Worlu ta same shi, an kwantar da shi a doguwar kujera, an kunna masa fanka. Worlu yana waya yana kuka. Da ya gama ya gaya mata, da alfaharin mai yin abin kirki, cewa ya kira motar mutuware. Za a kai Baba a yi masa allura a sa a sanyi, ƙungiya za ta ɗauki nauyin komai kamar yadda ta yi wa kowane mamba da ya rasu, a buga fosta, a sa rana wata mai zuwa iyalinsa su zo. Ya ce ɗan'uwansa ne, ba zai bari a binne shi a gaggauce kamar mara kowa ba.

Ramlatu ta tari numfashinsa. Ta haɗa Turancin kasuwarta duka ta ce masa a'a, yau za a wanke shi, yau za a binne shi, ba a yi wa gawarmu allura. Worlu ya dube ta kamar ta ce a jefa Baba a rafi. Shekara da shekaru suna zaune tare, ya san abin da ake faɗa wa Musulmi a kunne, amma duk Bahaushen da ya mutu a layin a asibiti ya mutu, aka wuce da shi daga can, bai taɓa tambayar sauran ba. Ya ɗauki waya zai soke motar, layin direban bai shiga ba.

Sai wayarta ta yi ƙara. Talha ne, daga abbatuwa.

"Umma, kina ina? Ki shiga ɗaki ki kulle. Mun ga hoton."

"Wane hoto?"

"Sun kashe Baba. Ga ciyaman nan ɗauke da shi, jini har ciki. An ce mutuware za su kai shi su ɓoye."

"Kai, ka saurare ni, faɗuwa ya yi..."

Hayaniya ta cinye maganarta, wayar ta katse. Wani ne daga saman bene ya ɗauki hoton lokacin da Worlu ke shiga gida da gawar, ya tura wa wani, kafin tuwonta ya huce ya zaga wayoyin mahauta. Ta sake kira, ba a ɗauka ba. Ta san ɗanta. Baba ne ya kai shi abbatuwa bayan rasuwar ubansa, ya tsaya masa har ya samu teburin kansa. Ta kuma san abin da mahauci ke riƙe da shi in ya bar aiki a guje.

Ta gaya wa Worlu ya cire rigar nan ya hau sama. Matarsa ta riga ta tura yara ƙarƙashin gado tana addu'a da ƙarfi. Ya ƙi. Ya ce shi ne ciyaman, bai yi komai ba, in ya ɓuya ya amsa laifi ke nan. Ramlatu ta ji kamar ta mare shi. Ta rufe Baba da zanin, ta fita ita kaɗai.

Layin ya yi tsit, ko kaza babu. Ta ga labule yana motsi a tagogi. A bayan shagon walda ta hango samarin 'yan gari sun tsuguna, ɗaya da kwalba, ɗaya da guntun rodi, suna jira su ma. Ta tsaya a jikin get da makullin Baba a tafin hannunta, gumi ya jiƙa shi. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Keke uku suka tsaya a waje. Mahauta suka diro da rigunan aiki, ba wanda ya tsaya wanke hannu. Talha ne a gaba, wuƙar fawa a hannunsa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Suka ce ta buɗe. Ta ce dokar ƙungiya ce, ba ta da iko. Suka ce makullin me ke hannunta. Ta fara ba su labari ta tsakanin ƙarafan, yadda ya dafe ƙirji, yadda ya faɗi, wasu na baya har sun fara sauraro. Sai ga farar mota da jiniya ta karyo kwana ta tsaya a bayansu, an rubuta sunan mutuware a jikinta da manyan baƙaƙe.

Wuri ya rikice. Aka daki gilashin motar, direban ya yi baya da ita a guje. Worlu kuma, da jin jiniya, sai ya fito ƙofar gidansa don ya sallami motar, da rigar nan a jikinsa, jinin ya bushe ya yi baƙi-baƙi. Samarin bayan shagon walda suka miƙe. Talha ya sa wuƙar a baki, ya kama ƙarfe ya haye get, ya diro ciki, ya wuce ta gefenta bai ko dube ta ba.

"Talha."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Amma ya tsaya cak, kamar an riƙe masa ƙafa. Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "kai", sai "yaron nan". Mahautan da ke jijjiga get suka saki, don duk sun san abin da suka ji.

Ta zagayo ta tsaya tsakaninsa da Worlu. Ta kama gaban zaninta ta ware masa.

"Dubi nan. Jinin Baba ne. A cinyata ya cika. In jini a tufafi ne shaida, to ni ce kusa da kai, ka fara da ni."

"Umma, motar..."

"Girmama shi ya so ya yi, irin nasu. Bai sani ba. Mutumin nan shi ya kira ni in yi wa Baba kalmar shahada, ni tsoro ya sa na daskare a bakin murhu. Ba don shi ba da Baba ya tafi ba kowa a kunnensa." Ta matso kusa da shi. "Ba ni wuƙar."

Ya daɗe yana kallon zanin. Ta miƙa hannu ta kama wuƙar ta wajen kaifin, yadda in ya ja sai ya yanke ta. Ya saki.

A haka Malam Saifullahi ya same su, ya zo a ƙasa yana haki. Worlu da kansa ya karɓi makullin ya buɗe. Liman ya shiga falo da dattawan mahauta biyu, suka duba goshin, suka fito suka faɗa wa jama'a abin da suka gani. Aka wanke Baba a ɗakinsa, aka yi masa sallah a bakin layi bayan la'asar, aka sa shi a a-kori-kurar wani mai shanu. Worlu ya canza riga ya bi su a motarsa. An ce a maƙabarta daga nesa ya tsaya, hannuwansa a baya, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya matsa kusa da shi.

Kafin su dawo labarin Rumuokoro ya canza: wai 'yan kamasho ne suka yi faɗa a junansu, wanda aka soka ma yana raye. Ba wanda ya yi dariya. Matar Worlu ta kwashi yara ta tafi ƙauyensu a yammacin. Samarin bayan shagon walda suka watse, amma kwalaben suna nan a jere a gindin bango. Ramlatu ta zubar da tuwon da ya sandare, ta jiƙa zaninta a baho, ta tura wuƙar ƙarƙashin buhun gawayi.

Da magariba ta kawo kai Worlu ya fito kamar kullum. Ya tura ƙyaurensa na dama har tsakiya, ya tsaya riƙe da shi, yana duban ƙofar ɗakin Baba. Da ya tuna sai ya sunkuyar da kai, amma bai matsa ba.

Talha yana zaune a bencin uwarsa, jar ƙasar maƙabarta a ƙafafunsa. Ya tashi ya nufi get. Ramlatu ta ga hannun Worlu ya tafi wuyansa ya damƙe usur ɗin da ke rataye a can. Talha ya kama ƙyauren hagu ya tura, ya ƙi tafiya, gindinsa ya kafe a ƙasa. Ya sake turawa. Worlu ya nuna masa wurin da haɓa. Talha ya sa ƙafa ya ɗaga, ƙyauren ya tafi yana kuka har ya haɗu da ɗan'uwansa. Worlu ya sa kwaɗo da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana nan a kan usur.