Ranar da Aka Kai Kulu Kusfa

Wata bakwai Kulu ta yi a ɗakin yara na asibiti don babu inda za a kai ta. Shekarunta huɗu. Iyayenta sun rasu a hatsarin mota a hanyar Kano cikin 1988, dangin uban kuwa da suka ji tana da farfaɗiya sai suka ɗauke ƙafa. Rosaline, ma'aikaciyar ofishin jin daɗin jama'a, 'yar Wusasa, ita aka ɗora wa nemo mata mariƙa. Gida biyu ta kai ta, duka suka dawo da ita kafin sati ya zagayo.

Ran Juma'a babbar nas ta tare Rosaline a baranda ta ce ƙyanda ta ɓarke, ana bukatar gadon. In Litinin ta yi yarinyar tana nan, za a tura ta gidan marayu a wani gari. Rosaline ta san a can ba mai bin ta da magani safe da yamma.

Saura gida ɗaya, na Malam Ja'afaru a unguwar Kusfa, tsohon akawun kotu, da matarsa Adama. 'Ya'yansu duk sun yi aure, gidan ya yi musu faɗi. Da Rosaline ta je musu da maganar, cewa kawai ta yi yarinyar tana shan magani kullum. Ba ta ambaci sunan ciwon ba, su ma ba su tambaya ba.

Ran Asabar da hantsi tasi ta shige da su ta Ƙofar Doka, Kulu tana kan cinyarta, jikinta da ɗan ɗumi. Rosaline ta ƙudurta cewa da sun zauna za ta faɗi gaskiya. Amma da ta yi sallama ta shiga, sai ta tarar da mata shida a tsakar gida, maƙwabta sun zo ganin baƙuwa. Adama ta karɓi yarinyar da fara'a, ta zaunar da ita kan tabarma, ta miƙa mata ƙosai.

"Mama, ina son magana da ke a ɗaki," in ji Rosaline.

"Malama, ki sha ruwa tukuna."

Ba ta kai kofin baki ba ƙosan ya faɗi daga hannun Kulu. Idanunta suka juye, jikinta ya sandare, ta kife tana fizga, kumfa na fita ta gefen bakinta.

"Farfaɗiya ce!" wata maƙwabciya mai suna Tani ta ƙwala ihu. "Ku matsa, kada yawun ya taɓa ku!"

Matan suka watse, wasu har da barin takalma. Wata tsohuwa ta dawo da cokali za ta cusa mata a baki. Rosaline ta ture hannunta, ta kwantar da Kulu a gefe ɗaya, ta cire ɗankwalinta ta tare mata kai, tana duban agogon hannunta. Minti ɗaya. Minti biyu. Likita ya ce in ya wuce biyar a ruga da ita asibiti, ga shi lungun ko mota ba ta shiga. Cikin minti na huɗu jikin ya saki. Rosaline ta share kumfar da tafin hannunta.

Adama tana tsaye jikin bango.

"Kin sani," ta ce. "Kin sani kika yi shiru."

"Na sani, Mama."

Malam Ja'afaru ya ji ihun daga zaure, ya shigo ya ga komai. Ya ce Rosaline ta same shi waje. Bai ce ta zauna ba.

"Shekara talatin ina rubuta shaidar mutane," ya ce. "Wanda ya ɓoye rabin magana, da shi da maƙaryaci ɗaya na ɗauke su. Me ya sa?"

"Baba, duk gidan da na fara da sunan ciwon, ko ganinta ba sa yarda su yi. Na so ku gan ta tukuna. Kuskure na yi."

"Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka."

"Da me zan yarda, tunda kin riga kin ɓoye mini ɗaya?"

Ta buɗe masa tafin hannunta, bai gama bushewa ba. "Wata bakwai ke nan ina share mata baki da wannan hannun, ina komawa gida in ba 'ya'yana abinci. Ran Alhamis likitanta yake ganin marasa lafiya. Ka zo ka tambaye shi da kanka, ba sai ina wurin ba."

"Ba ni zan yi wanka da goyo ba," ya ce. "Maganar tana wurin Adama."

Suka koma ciki. Kulu ta farfaɗo, ta jiƙa zanenta, tana kuka ƙasa-ƙasa, ba ta san inda take ba. Adama ta matso amma ba ta taɓa ta ba. Tani tana leƙe ta katanga tana cewa a fitar da tabarmar a ƙone.

"Ni fa tsoro nake ji," in ji Adama. "In ta mutu a hannuna fa?"

"Ba zan ce miki ba zai sake zuwa ba. Zai zo. Amma in tana shan ƙwayarta a kan lokaci, sai ta yi wata biyu lafiya."

Adama ta dubi yarinyar, ta dubi mijinta. Sai ta durƙusa.

"Nuna mini yadda kika juya ta."

Rosaline ta kama hannuwanta ta ɗora ɗaya a kafaɗar Kulu, ɗaya a ƙugu. Sau uku suka maimaita. A na ukun Adama ta ɗauke ta gaba ɗaya ta nufi bayan gida da ita, tana cewa a miƙo mata ruwan ɗumi.

"Ta zauna zuwa Alhamis," in ji Malam Ja'afaru. "Ban yi alkawarin abin da ya wuce nan ba."

Ran Alhamis ya je da tambayoyinsa goma sha ɗaya a rubuce, ya tsare likita kusan awa guda. Da ya fito bai yi wa Rosaline wata magana ba, sai tambayar inda zai sa hannu a takardar riƙon. Tani kuwa ta fi shekara ba ta bar jikokinta sun shiga gidan ba.