Yatsa a Kan Gilashi

Auta ta sayo mini allon karatu, ni kuma na jefa shi cikin durowa.

Auta 'yata ce, ita ce ƙarama a gidan. Allon wani abu ne marar kauri, fuskarsa gilashi. Ta ce littattafan da ke cikinsa sun fi ƙarfin kanta guda. Uwarta ta juya shi gaba da baya, ta ce, "Wannan ai faranti ne. A ba ni in riƙa yanka albasa a kai."

Ban yi nisa a makaranta ba. Da yatsa nake karatu. Ina ɗora shi ƙarƙashin kalma, in ja shi a hankali har ƙarshen layi. Littafin takarda yana tsayawa a yi masa haka. Allon kuwa, da na taɓa shi sai shafin ya gudu, wani ya zo. In na bi shi, ya sake gudu. Na ce wa Auta ni ba na hulɗa da abin da ake taɓawa ya yi tsalle.

Littattafaina 'yan kaɗan ne, suna kan kanta kusa da gado. Kowane layi yana da sawun baƙin mai a ƙarƙashinsa, na yatsana. Ni direba ne. Ina jan motar wani lambun furanni, ina kai tukwanen shuka kantuna da otal-otal. Tun gashina yana baƙi nake riƙe da sitiyari, ban taɓa buge ko kare ba. Wannan kaɗai nake da shi na tinƙaho.

Da sanyin bana abin ya fara. In na kalli kalma, sai in ga farkonta da ƙarshenta, tsakiyar babu. Na goge tabarau. Na matsa kusa da taga. Ban faɗa wa kowa ba. Bayan an ci abinci nakan zauna da littafi kamar kullum, in ja yatsa, in juya shafi. Na san abin da ke ciki da ka, don haka bakina yana motsi daidai. Matata tana ɗinkinta a gefe.

Wata safiya tana wanka, na ciro allon. Na kama shi da yatsu biyu don kada ya gudu, sai haruffan suka kumbura. Na ƙara. Suka ƙara girma. Na yi ta ƙarawa har kalma ta fito mini cikakkiya, da cikinta da komai. Na karanta layi guda. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga nan na lura da girman da suka kai. Kowane harafi ya kai kan babban yatsana. Irin rubutun da ake yi a allon titi ne, don mai gudu da mota. Na sake dannawa, suka ƙi ƙaruwa. Nan ne iyakarsu.

Na mayar da allon durowa, na tafi aiki.

Sanyi ya fara janyewa a lokacin, kuma shi ne lokacin da aiki ya fi yawa a lambu. Mai lambu ya cika mini mota da tukwane, wasu sun buɗe, wasu suna toho. Akwai wani titi da nake so, mai itatuwa dama da hagu. Su ne suke fara fure kafin kowane itace a garin, fari fat, tun ganye bai fito ba. Kowace shekara in na zo wurin nakan sauke gilashi, in rage gudu, in shaƙi ƙamshin. Ranar ma haka na yi. Da ban rage gudun ba, da ba wannan labarin nake rubutawa ba.

Gaba kaɗan, a bakin titi, na ga wani ƙaramin itace fari. Na ce a raina, wannan sabon dashe ne. Sai itacen ya taka ya shigo titi.

Na take birki da ƙafa biyu. Tukwane suka kife a baya, na ji suna fashewa. Mace ce cikin farar riga ta ma'aikatan asibiti, tana tsaye, gwiwarta tana taɓa ƙarfen gaban motar. Ta daki murfin injin da tafin hannu.

"Baba, ba ka gani ne?"

Haka ake faɗa wa kowane direba. Ni ma na sha faɗa wa wasu. Ta yi tsaki ta wuce.

Na gangara gefe na kashe mota. Na kalli babban itacen da ke gabana. Na rufe idon dama, itacen yana nan, ko da yake dishi-dishi. Na rufe na hagu. Ga sama, ga titi, ga katanga. Tsakiya babu itace. Toka-toka kawai, kamar an shafa yatsa a kan rubutun alli. Furen yana zubowa a kan gilashin motar, ina jin ƙamshinsa, ba na ganin inda yake fitowa.

Na ce wa Mai lambu rami na faɗa. Ya ce ba komai, in je in ci abinci, akwai wani lodin da yamma.

Da na shiga gida na tarar da takalman Auta a ƙofa. Na rataye makullin motar a ƙusa, na shiga. Tana zaune a bakin gado, durowa a buɗe, allon a cinyarta.

"Sannu da zuwa, Baba. Na zo in ƙara maka littattafai ne."

"Ban gama na ciki ba."

"Wa ya mayar da rubutun haka?"

"Shi ya mayar da kansa. Na faɗa miki abin ba shi da natsuwa."

Uwarta ta leƙa ta kafaɗarta. "Kai, wannan ko daga maƙwabta a karanta shi." Ta fara dariya, ta dubi fuskata, ta bari.

Auta ta miƙa hannu kan kantar littattafai, ta ɗauko littafina na takarda. Ta buɗe tsakiya, ta ba ni. "Karanta mini nan, Baba."

"Ni za ki yi wa jarrabawa? A gidana?"

"Layi ɗaya kawai."

Na ɗora yatsa. Na gane wurin, ko na zaci na gane, don akwai wani lanƙwason kusurwa da na sani. Na karanta da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ɗago kai.

Auta ta ce, "Wannan yana shafin baya. Ba shi ne a gabanka ba."

Matata ta tashi ta fita. Na ji motsinta a falo, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Tun sanyi na sani," in ji ta. "Kana zuba shayi a gefen kofi. Rannan ka gaida rigarka da ke rataye, ka zaci ƙanena ne."

"Ke ma kin sa baki?"

"Na yi shiru ne ina jiran ka faɗa da kanka, Direba."

"Gobe zan kai ka wurin likitan ido," in ji Auta. "Wataƙila abin da za a gyara ne."

"In kuma ba a gyara ba fa?"

Na san abin da likita zai yi. Zai sa in rufe ido ɗaya. Daga nan sai kujera a bakin taga, da mutane suna tambaya ta ko na ci abinci.

Wayata ta yi ƙara. Mai lambu ne, ya ce an gama lodi. Na ce ga ni nan. Na miƙe. Farar rigar nan tana gabana, da ƙarar tafin hannu a kan ƙarfe. Ban faɗa musu ba. Da na faɗa, shi ke nan.

Na fita falo, na kai hannu kan ƙusa. Babu komai. Na shafa bango, ko idon ne yake mini wasa. Ƙusa ce tsirara.

Na juyo. Matata tana tsaye, hannunta a dunƙule a ƙirji.

"Maman Auta, ana jira na."

"Su jira."

"Furanni ne. In suka wuni a mota za su yi yaushi."

Ba ta motsa ba. Na miƙa hannu.

"Ba ni makullin."

"Ba zan ba ka ba."