Kifayen da Wa'il Ya Bari

"Ni fa ba mai wankan gawa ba ne, Ummu Wa'il. Duk tsawon shekarun da na yi ina tuƙa taragon lantarki a titunan Iskandariyya ko kyanwa ban taɓa takewa ba, yanzu na ajiye aiki kin mai da ni mai tsamo mushe tun kafin in kurɓi shayi."

Hajji Abdussattar ne yake wannan mita, yana tsaye gaban akwatin gilashin da ke falo da 'yar raga a hannu. Cikin ragar kifaye biyu ne, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, sun sandare.

"Rage murya, Hajji, maƙwabta na ji," in ji matarsa Nagat. Ta ajiye farantin wake da gurasa, ta karɓi ragar. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Har da mai jan bindin?"

"Har da shi. Wai kifi ma sai an yi masa sallallami?"

"Rai ne. Zauna ka ci wakenka."

Ta naɗe su a takarda, ta fita baranda ta tona ƙasar tukunyar na'ana'a ta binne su inda ta binne na jiya da na shekaranjiya. Ba ta iya jefa su a shara. Da ta dawo ta tsaya ta ƙura wa akwatin ido. Waɗanda suka rage duk sun taru a saman ruwa, bakinsu a sama, suna buɗewa suna rufewa, suna buɗewa suna rufewa.

"Dube su, bayin Allah. Yunwa ce ke cin su," ta ce, ta ɗauko gwangwanin abincinsu ta barbaɗa musu da yawa.

Kifayen ba nata ba ne, na Wa'il ne, ɗansu namiji tilo. Shekara uku ke nan da ya shiga kwalekwale ya tsallaka teku zuwa Italiya. Yana aiki a wani gidan burodi, ba shi da takardu, kuma in ya fito ba zai sake samun shiga ba. Shi ya sa ko bikin ƙanwarsa a waya ya gani. Ranar da zai tafi bai yi dogon sallama ba. Ya dai tsaya gaban akwatin nan ya ce, "Mama, ga mutanena, amana." Duk Lahadi in ya kira, kafin ya gama gaisuwa zai ce a juya masa wayar ya gan su. Yawancinsu jikoki ne, a nan aka haife su bayan tafiyarsa. Ɗaya ne kawai ya rage cikin waɗanda ya sayo da hannunsa, wani baƙi mai tumbi da ya sa wa suna Umda, wato mai gari, saboda shi ke fara cin abinci.

Aikin ya rabu biyu. Hajji ke rage ruwa ya ƙara wani daga bokitin da ya kwana, yadda yaron ya koya masa, ita kuma ta ciyar. Abu ɗaya ne ke ci mata rai: soson da ke cikin injin tace ruwan. Ya yi baƙi, ya yi yauƙi, kuma duk lokacin da ta kai hannu sai Hajji ya ce yaron ya ce kar a taɓa.

To bana, a goman ƙarshe na azumi Hajji ya shiga i'itikafi, ga surukan 'yarta za su zo gaisuwar Sallah. Nagat ta yi sharar Sallah yadda kowace mace a layin ke yi. Ta shanya darduma a baranda, ta wanke labule, ta goge bango har bayan firji. Da ta zo kan akwatin ta ce wallahi baƙi ba za su shigo su ga wannan ƙazanta ba. Ta kwashe kifayen a tukunyar miya, ta wanke tsakuwar da sabulu da ruwan zafi, ta jefar da tsohon soson ta sa sabo fari tas, ta cika akwatin da ruwan famfo. Ya yi kyau kuwa. Surukar 'yarta har cewa ta yi, "Kai, kamar ba ruwa a ciki!"

Bayan Sallah kaɗan aka fara mutuwa.

"Ido ne," Hajji ya ce yana dangwalar wake. "Matar nan ba ta ce masha Allah ba. Ina zaune a nan, da kunnena na ji ba ta ce ba."

"Na karanta Falaƙi da Nasi na tofa, na yi turare. Me kuma zan yi?"

"Ki kira mai kayan."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Lahadin da ta wuce, da Wa'il ya ce a juya masa wayar, sai ta shiga ba shi labarin cikin ƙanwarsa har lokacin hutunsa ya ƙare. Ba ta yi ƙarya ba, amma da ta idar da sallah ta yi istigfari. Me za ta ce masa? Yaron da ke can babu uwa babu uba, abu ɗaya ya bar mata ta riƙe.

Wajen hantsi aka ɗauke wuta, injin ya daina ɓulɓula. Tana tsinkar ganyen lalo a falo, ta ɗaga kai sai ta ga Umda. Shi da ba ya barin tsakiyar ruwa yana taƙama, yau ga shi a sama cikin 'yan yara, ya ɗan karkace, bakinsa na ta buɗewa. Ta barbaɗa abinci dab da bakinsa. Bai ko kalla ba. Abincin ya jiƙe ya nutse ya tarar da na safe a ƙasa.

Ta share hannu a zani ta ɗauko waya.

"Yau Talata ce fa, yana wajen aiki," in ji Hajji.

"Ba kai ka ce in kira ba?"

Sai da wayar ta yi ta ƙara kafin ya ɗauka. Fuskarsa ta fito, garin fulawa ya yi masa fari a gira da gashi.

"Mama? Lafiya? Baba fa?"

"Babanka ƙalau, ga shi nan yana cika ni da surutu. Ka ci abinci?"

"Mama, don wannan kika kira ni ranar Talata?"

Ta juya wayar kawai.

Ya ƙura wa akwatin ido. Ta ji ya ce wa wani wata magana da yaren can, sai ta ga yana sauka matakala, ya shiga wani ɗaki ya rufe ƙofa.

"Matso da wayar. Yauwa. Tun yaushe suke taruwa a sama haka?"

"Tun bayan Sallah. Ina ba su abinci, wallahi ina ba su, safe da rana da yamma. Jiya har gurasa na marmasa musu."

"Gurasa!" Ya dafe goshi. "Dubi gefen kan Umda, wajen da yake buɗewa kamar kunne. Wane launi ne ciki?"

Ta sa tabarau ta duƙa. "Ja ne. Ja sosai. Kuma yana motsi da sauri da sauri."

"Sunkuya ki shinshina ruwan."

"Yana ɗan ƙarni."

"Nuna min injin." Ta nuna. "Mama, soson nan sabo ne."

Hajji ya leƙo ta bayan kafaɗarta. "Ina masallaci, ɗana. Ka zama shaida, ina masallaci."

"Ƙazanta ce na cire," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Baƙi za su zo."

Wa'il ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Sai da ya lafa ya ce, "Ƙazantar nan ita ke riƙe da su. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin tsohon soson, ido ba ya ganinsu, su ke cinye dattin kifin. Da kika jefar sai dattin ya zama guba a ruwa. Ga maganin da ake zuba wa ruwan famfo, shi ma yana ƙona musu wajen numfashi, shi ya sa Baba ke barin ruwa ya kwana. Ba yunwa suke ji ba, Mama. Numfashi suke nema. Abincin da kike ƙarawa ruɓewa yake, yana cinye ɗan iskan da ya rage."

Ta zauna a hannun kujera. Duk kwanakin nan suna kiranta, ita kuwa tana cusa musu abin da ke kashe su.

"To ruwan ai fes yake," ta ce.

"Gubar ba ta da launi. Saurara. Akwai ruwan da ya kwana?"

"Akwai jarkokin da nake tarawa saboda ɗauke ruwa."

"Alhamdu lillahi. Ku rage kamar kashi ɗaya cikin uku, ku tsotso da tiyo daga ƙasa don abincin nan ya fita, ku ƙara na jarka a hankali. Gobe ma haka, jibi ma haka. In an ɗauke wuta ki riƙa ɗiban ruwan da kofi kina zubowa daga sama, ya yi kumfa. Baba ya je wajen Bishoy abokina, shi ma yana kiwon kifi, ya ce ya yanko masa rabin tsohon sosonsa, a kawo shi cikin ruwansa, kar ya bushe. Kar ki wanke, Mama."

"Na ji."

"Kar ki wanke."

"Na ce na ji, ɗan nan!"

"Sannan kar ki ba su komai sai na ce."

"Komai? Su kwana da yunwa a gidana?"

"Ka ga sun samu Sitta Shawwal ke nan," in ji Hajji. "Su ma su sami lada."

"Umda zai tashi?" ta tambaya.

"Allah ne masani. Tsoho ne. Amma yana da taurin kai, kamar wata da na sani."

Hajji ya tafi ɗauko tiyo da jarka. Ita kuwa ta ɗauki kofi da hannun dama tana ɗiba tana zubowa, wayar a hagu. Sai a lokacin ta dubi ɗanta sosai. Ɗakin da yake ciki babu taga. Katifu ne jere a ƙasa, riguna rataye a igiya, buhunan gari a jingine a bango. Ya rame ta wajen wuya. Matakalar da ya sauka ba ta da yawa, ta gani da idonta, amma har yanzu bai daidaita ba. Yana faɗin kalma biyu sai ya tsaya ya ja iska da baki. Tun yaushe yake haka? Duk Lahadin duniya tambaya ɗaya take masa, ya ci ko bai ci ba, ya ce ya ci, ta ce alhamdu lillahi.

"A nan kake kwana?"

"Na ɗan lokaci ne."

"Tarin nan fa?"

"Gari ne, Mama, kowa a nan yana yi. Kina zubowa daga sama sosai? Ɗaga hannun."

Ta ɗaga. Ruwan ya faɗa ya yi kumfa, 'yan kifayen suka watse suka sake taruwa. Umda ya kaɗa bindi sau ɗaya, ya ɗan miƙe. Iska ta turo labulen baranda, ta shigo da warin teku da kiran mai sayar da gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe.

"Ina jin mai gas," Wa'il ya ce, ya yi murmushi. "Har yanzu shi ne?"

"Shi ne." Ta ajiye kofin. "Wa'il."

"Na'am, Mama. Ana kirana a sama."

"Ɗakinka na nan, tagarsa a buɗe take kullum. Ba na son komai daga can, ni da babanka wake da gurasa sun ishe mu. Ka dawo gida, ɗan nan. Ka zo ka duba kifayenka da kanka."

Ya sunkuyar da kai. Tana jin numfashinsa ta cikin wayar, yana shiga yana fita. Daga sama wani ya sake ƙwala masa kira.